Sabo Da Zafi Yana Da Iyaka: Ina Masanan Da Za Su Auna Ta?

A ranar 3 ga watan Afrilu na shekarar 2024, ma'aunin zafi ya nuna digiri 48.5 a garin Kayes da ke yammacin ƙasar Mali. Cikin kwana huɗu na farkon wannan wata, asibitin Gabriel Toure da ke Bamako ya ba da labarin rasuwar mutum 102, alhali kuwa a watan Afrilu na shekarar da ta gabace ta, daga farkonsa har ƙarshensa, mutum 130 ne suka rasu a asibitin. Fiye da rabin mamatan sun haye shekara sittin da haihuwa. Waɗannan bayin Allah cikin zafi aka haife su, cikinsa suka yi noma da kasuwanci har suka tsufa, amma duk da haka zafin wannan mako ya fi ƙarfin jikinsu.

Idan aka yi wa mutumin Sakkwato, ko Maiduguri, ko Damagaram zancen haɗarin zafi, amsar da ya saba bayarwa ita ce, "Ai mu mun saba." Maganar tana da gaskiya a cikinta, domin lalle jikin ɗan Adam yana sabawa da wurin zamansa. Abin tambaya shi ne, ina sabon ya tsaya? Akwai wani fanni na ilmi wanda aikinsa ke nan, watau auna yadda jiki ke daidaita kansa da zafi, da sanyi, da ƙishirwa, da ƙarancin iska a kan duwatsu, da kuma gano inda daidaitawar take ƙarewa. Yanzu da duniya ke ƙara ɗumama, har Hukumar Yanayi ta Duniya ta tabbatar da cewa shekarar 2024 ta zarce matsakaicin zafin zamanin da ba a kafa masana'antu ba da kimanin digiri 1.55, wannan fanni ya tashi daga abin sha'awar malamai ya zama abin da rayuka suka rataya a kansa. Ga shi kuwa masanansa kaɗan ne, kuma galibinsu suna zaune ne a ƙasashe masu sanyi.

YADDA JIKI KE SABAWA

Masana sun kasa sabon jiki kashi uku, bisa ga tsawon lokacin da kowanne ke ɗauka.

Na farko shi ne na kwanaki. Idan mutum ya shiga aiki cikin zafin da bai saba da shi ba, cikin kwana bakwai zuwa goma sha huɗu jikinsa zai sake tsari. Gumi zai riƙa tsatso masa da wuri kuma da yawa, gishirin da ke fita tare da gumin ya ragu, ruwan jininsa ya ƙaru, bugun zuciyarsa ya sauka. Amma wannan aro ne jiki ya yi: in mutum ya koma inuwa ko ɗaki mai sanyi na 'yan makwanni, sai abin ya zube. Ma'aikacin da ke wuni cikin ofis mai na'urar sanyaya ɗaki ba shi da irin juriyar ɗan'uwansa da ke gona, ko da kuwa ciki ɗaya suka fito.

Na biyu shi ne wanda ke ginuwa tun daga ƙuruciya. Yaron da ya tashi a kan duwatsun ƙasar Peru, inda iska ba ta da kauri, yakan girma da faɗin ƙirji da babban huhu fiye da wanda ya je can bayan ya balaga.

Na uku shi ne na gado, wanda ke shiga cikin ƙwayoyin halitta, iyaye su miƙa wa 'ya'ya. Mutanen Nijeriya sun san misalinsa a gidajensu. A shekarar 1954 Dakta Anthony Allison ya nuna, daga binciken da ya yi a Gabashin Afirka, cewa wanda ya gaji ƙwayar sikila daga ɓangare ɗaya na iyayensa yana samun kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Farashin wannan kariya kuwa shi ne jariran da suka gaji ƙwayar daga uwa da uba, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haifar kimanin 150,000 a Nijeriya kowace shekara. Haka nan a shekarar 1971 wasu likitoci, cikinsu har da Norman Kretchmer da Olikoye Ransome-Kuti, wanda daga baya ya zama Ministan Lafiya, suka nuna cewa yawancin Fulani makiyaya cikinsu na narkar da ɗanyar madara har bayan sun girma, saɓanin yawancin Yarabawan da aka gwada.

Wannan kashi na uku shi mutane ke nufi idan suka ce jikokinsu za su saba. To, amma lissafi bai goyi bayan wannan fata ba. Sabo irin na gado yana bukatar dubban shekaru. Daga yau zuwa shekarar 2100 kuwa, tsatso uku ne kawai: ɗa, da jika, da tattaɓa-kunne. Bugu da ƙari, hanyar da irin wannan sabo ke bi ita ce mutuwar waɗanda ba su dace ba kafin su haihu, kuma babu hukumar da za ta ɗauki wannan a matsayin manufa.

INDA IYAKAR TAKE

Jikin mutum yana riƙe zafinsa na ciki a wajen digiri 37. Idan iska ta fi fata zafi, hanya ɗaya ce ta rage masa ta fitar da zafi, watau gumi ya bushe a kan fata, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa ta hanyar tsatsar da ke bushewa a bayanta. Idan iska ta cika da danshi, gumin ba ya bushewa, sai dai ya yi ta zuba a banza. Saboda haka masana ke amfani da wani ma'auni da ake naɗe kansa da jiƙaƙƙen ƙyalle, wanda ke haɗa zafi da danshi cikin lamba ɗaya.

A shekarar 2010 wasu masana yanayi biyu, Steven Sherwood da Matthew Huber, suka yi lissafin cewa idan ma'aunin jiƙaƙƙen ƙyalle ya kai digiri 35 ya daɗe kamar awa shida, ko lafiyayyen mutum da ke zaune a inuwa ba zai iya fitar da zafin jikinsa ba. Shekara da shekaru ana ambaton wannan lamba a tarurruka kamar an gwada ta, alhali a kan takarda aka samo ta. Sai da Farfesa Larry Kenney da abokan aikinsa na Jami'ar Jihar Pensilbaniya a Amurka suka sa samari da 'yan mata masu ƙoshin lafiya cikin ɗakin gwaji, kowa ya haɗiyi wata 'yar ƙwaya mai aiko da labarin zafin cikinsa, aka riƙa ƙara zafi da danshi sannu a hankali. Sakamakon da suka buga a shekarar 2022 ya nuna cewa zafin ciki na fara hawa ba tsayawa tun daga wajen digiri 30.6 a iska mai danshi, watau daidai da zafin digiri 38 da danshi kashi 60 cikin ɗari. A busasshiyar iska mai tsananin zafi kuwa, iyakar ta fi haka sauka. Tazarar da ke tsakanin lissafi da gwaji ta wuce digiri huɗu, kuma cikin wannan tazara akwai garuruwa masu miliyoyin jama'a.

Wani misali ya fi kusa da gida. A Jami'ar Sidni ta ƙasar Ostareliya, Farfesa Ollie Jay da ɗalibansa sun gwada amfanin fanka a shekarar 2019. A zafin digiri 40 da danshi kashi 50 cikin ɗari, fanka ta rage wa mutane zafin jiki da wahalar zuciya. A zafin digiri 47 da danshi kashi 10 kawai, fanka ta ƙara musu wahala, domin iska mai zafi take hurawa a kan fatar da guminta ya riga ya bushe. Yanayi na biyun shi ya fi kama da bazarar Arewa kafin saukar ruwa. Ke nan shawarar da ta dace da Legas tana iya cutar da tsoho a Nguru, kuma babu mai iya rarrabewa sai wanda ya auna.

WA YA YI AIKIN, KUMA DON WA?

Tarihin wannan fanni yana nuna cewa duk wanda ya biya kuɗin bincike, tambayarsa ake amsawa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sojan Amurka sun bukaci sanin yawan ruwan da mayaƙi ke bukata a hamada, sai Farfesa Edward Adolph na Jami'ar Rochester ya shiga hamadar Kalifoniya da sojoji, ya fito da littafinsa a shekarar 1947. Ɗaya daga cikin abin da ya tabbatar shi ne ba a iya horar da jiki ya saba da rashin ruwa. A shekarun 1950 Turawan mulki suna da wata cibiya a Oshodi, kusa da Legas, ta binciken aikin jiki a ƙasashe masu zafi, inda Dakta W. S. S. Ladell da abokan aikinsa suka auna gumi da juriyar Turawa da 'yan ƙasa. Watau Nijeriya ta taɓa zama ɗaya daga cikin wuraren da aka aza harsashin wannan ilmi.

A Afirka ta Kudu kuwa, inda ramukan zinariya ke da zurfi da zafi, Ƙungiyar Masu Mahaƙai ta kafa ɗakin bincike ƙarƙashin Dakta Cyril Wyndham. Daga shekarun 1960 aka riƙa sa sababbin leburori baƙar fata cikin ɗaki mai turiri, suna hawa da sauka a kan dakali awa huɗu a rana, kwanaki a jere, kafin a tura su ƙarƙashin ƙasa. Dabarar ta rage mutuwa daga bugun zafi, kuma yawancin abin da aka sani game da sabon kwanaki daga irin waɗannan gwaje-gwaje ya fito. Amma ba a nemi yardar leburorin ba, sun kuma tsani abin ƙwarai. Wajibi ne ɗalibin da zai shiga wannan fanni ya san wannan tarihi, domin jikin talaka yake aunawa, kuma talaka na da haƙƙin a nemi izininsa, a kuma koma masa da sakamako.

Fannin ya sami sabuwar alƙibla tsakanin shekarar 1964 da 1974, lokacin da aka gudanar da wani babban shiri na binciken halittu tsakanin ƙasashe, wanda ke da sashe na musamman kan sabon ɗan Adam ƙarƙashin Farfesa Joseph Weiner na Landan. Masana suka fita daga bariki da mahaƙa suka shiga ƙauyuka. Cikinsu akwai Farfesa Paul Baker na Jami'ar Jihar Pensilbaniya, wanda ya kafa sansanin bincike a garin Nunyowa na ƙasar Peru, mita 4,000 sama da teku, ya yi ta kai ɗalibansa can.

Abin da ya biyo baya darasi ne ga duk mai tsara jami'a. Ɗalibarsa Cynthia Beall ta shafe fiye da shekara arba'in tana kwatanta mazauna duwatsun Peru da Bolibiya, da na Tibet, da na Habasha, ta nuna cewa kowace al'umma da hanyar da jikinta ya bi: mutanen Andis jininsu ya yi kauri, na Tibet kuwa suna yawaita numfashi ba tare da jinin ya yi kauri ba. A shekarar 2010 aka gano ƙwayar gadon da ke da hannu a sabon mutanen Tibet, mai suna EPAS1. Wani ɗalibin Baker, Michael Little, ya kai irin wannan aiki wurin makiyayan Turkana na arewacin Kenya a shekarun 1980, kuma a shekarar 2025 wasu masana na baya suka buga a mujallar Science cewa sun gano alamar sabo na gado a wata ƙwaya da ke taimaka wa ƙodar Turkanawa wajen riƙe ruwa. Malami ɗaya, da sansani ɗaya, da kuɗin da bai yanke ba, sun haifar da aikin da ya kai shekara sittin yana ba da 'ya'ya.

GIƁIN DA KE AKWAI

Matsalar ita ce, inda zafi ya fi tsanani can ne aka fi ƙarancin awo. A shekarar 2020 Luke Harrington da Friederike Otto, waɗanda a lokacin suke Jami'ar Oxford, suka duba babban kundin bala'o'i na duniya, suka tarar tun daga shekarar 1900 sau biyu kacal aka rubuta bala'in zafi a Afirka kudu da Sahara, da mamata 71. A Turai kuwa an rubuta sau 83 daga 1980, da mamata fiye da 140,000. Ba mai hankalin da zai ce Faransa ta fi Nijar zafi. Bambancin shi ne a can ana rubuta kowace mutuwa da ranarta da sanadinta, a nan kuwa akan yi jana'iza kafin la'asar ba tare da takarda ba. Abin da ba a ƙidaya ba kuwa ba ya shiga kasafin kuɗi.

Haka abin yake a binciken ƙwayoyin gado. Wani nazari da Sarah Tishkoff da abokan aikinta suka buga a shekarar 2019 ya nuna cewa kashi 78 cikin ɗari na mutanen da aka yi irin wannan bincike a kansu 'yan asalin Turai ne, 'yan asalin Afirka kuwa kashi 2 ne kawai, alhali Afirka ce ta fi kowace nahiya bambancin ƙwayoyin gado. Gwajin Pensilbaniya ma da aka ambata, a kan matasan Amurka aka yi shi. Iyakar manomin Gumel mai shekara hamsin, wanda zazzaɓi ya rage masa jini kuma yake noma da ƙaramin abinci, tana jiran mai aunawa.

Ga kuma abin da ke tafe. A shekarar 2023 Farfesa Timothy Lenton na Jami'ar Exeter a Ingila da abokan aikinsa suka ƙiyasta cewa idan ɗumamar duniya ta kai digiri 2.7 a ƙarshen wannan ƙarni, kimanin mutum biliyan biyu za su kasance a wuraren da matsakaicin zafin shekara ya kai digiri 29 ko fiye. Indiya ce ta farko da fiye da miliyan 600, Nijeriya ta biyu da fiye da miliyan 300. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kuma, a rahotonta na 2019, ta ƙiyasta cewa nan da shekarar 2030 Afirka ta Yamma za ta yi asarar kusan kashi 5 cikin ɗari na lokutan aiki saboda zafi, daidai da aikin mutum miliyan tara.

Inda aka yi awo kuwa, an ga amfaninsa. A ƙasar Gambiya, Dakta Ana Bonell ta bi mata manoma 92 masu juna biyu har gonakinsu, tana auna zafin jikinsu da bugun zuciyar 'yan tayinsu. Ta ba da rahoto a shekarar 2022 cewa duk ƙarin digiri ɗaya na matsin zafi yana tafe da ƙarin kashi 17 cikin ɗari na alamun wahala ga ɗan tayi. Waɗannan mata ne da suka saba da zafi tun haihuwa. A ƙasar Nikaraguwa ta Amurka ta Tsakiya, inda ciwon ƙoda ya hallaka dubban masu saran rake, masu bincike sun nuna cewa hutu a kan kari, da inuwa, da ruwan sha, suna rage raunin ƙoda ƙwarai a lokacin girbi. Wannan ya shafi Nijeriya kai tsaye, domin likitoci sun daɗe suna kokawa da yawan ciwon ƙoda a Gashuwa da wasu garuruwan Jihar Yobe, kuma duk binciken da za a yi kan ruwan sha da abinci, ya kamata a haɗa shi da auna zafin da manoma da masunta ke aiki a cikinsa.

HANYAR ƊALIBI

Ɗalibin da ke sha'awar wannan aiki yana da ƙofofi da dama. Yana iya farawa da digiri a ilmin aikin gaɓoɓin jiki, ko tsarin jiki, ko sinadaran halitta, ko likitanci, waɗanda ake koyarwa a jami'o'in Zariya, da Kano, da Sakkwato, da Maiduguri. Yana iya shigowa ta lafiyar al'umma, ko ilmin ƙididdiga, ko labarin ƙasa. Bayan digirin farko da shekarar bautar ƙasa, akwai digiri na biyu na kimanin shekara biyu, sa'an nan na dakta wanda kan ci shekara uku zuwa biyar. Ke nan mutum zai yi shekara goma ko fiye kafin ya tsaya da ƙafarsa a matsayin mai bincike.

Abin da fannin ke bukata daga gare shi ya wuce abin da sashe ɗaya ke koyarwa. Tilas ya iya lissafi da sarrafa alƙaluma a kwamfuta, ya iya karanta bayanan yanayi, ya kuma iya zama da mutane. A nan ɗan ƙasa ya fi baƙo dama nesa ba kusa ba. Shi ya san lokacin da manomi ke fita da lokacin da yake komawa, ya san bambancin ɗakin soro da na kwano da tsakar rana, ya san wanda za a nemi izininsa kafin a auna matar aure. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tambayoyi kuwa ga su nan birjik: nawa ne zafin ajin firamare mai rufin kwano da ƙarfe ɗaya na rana a watan Afrilu, kuma yaya yake shafar karatu? Wane irin gumi mai tuya, ko maƙeri, ko ɗan acaɓa ke zubarwa a wuni? Wace irin sutura ce ta fi sauƙaƙa wa jiki?

Ba dukkan kayan aikin ke da tsada ba. Ɗakin gwaji irin na Pensilbaniya yana cin kuɗi da wutar lantarki marar yankewa, amma da sikeli mai kyau ana gane yawan gumin da mutum ya zubar, ta hanyar auna nauyinsa kafin aiki da bayansa. Da ɗamarar ƙirji mai ƙirga bugun zuciya, da gwajin fitsari, da ƙaramin ma'aunin zafi da danshi da ake ratayewa a ɗaki, ana iya yin aikin da duniya za ta karanta. Akwai kuma cibiyoyin da za a jingina da su, kamar AGRHYMET da aka kafa a Yamai a shekarar 1974, da shirin WASCAL wanda Jamus ke tallafa wa, mai horar da ɗalibai kan sauyin yanayi a jami'o'in Minna, da Akure, da Yamai. Sai dai ƙarfin waɗannan ya fi karkata ga ruwan sama, da ƙasa, da amfanin gona, da makamashi. Gero ya sami masu auna juriyarsa fiye da mai noma shi.

ABIN DA KE TARE HANYA

Cikas na farko shi ne kuɗi. Tun a shekarar 1980, cikin Shirin Legas, shugabannin Afirka suka amince da ware kashi ɗaya cikin ɗari na arzikin ƙasa domin kimiyya da bincike. Ƙididdigar da aka buga game da Nijeriya ba ta kai ko rabin wannan ba. Yawancin binciken zafi da lafiya da ake yi a nahiyar, da kuɗin waje ake yinsa, daga gidauniyoyi irin su Wellcome ta Ingila. Abin da ya faru a shekarar 2025, lokacin da gwamnatin Amurka ta janye tallafi daga binciken da ya shafi sauyin yanayi da lafiya, ya isa ishara cewa kayan aro ba ya rufe katara.

Na biyu shi ne yankewar aiki. Binciken zafi yana da lokacinsa, watau daga Maris zuwa Mayu. A shekarar 2020 jami'o'in gwamnati sun yi wata tara a rufe saboda yajin aiki, a 2022 kuma wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ɗalibin da bazara ta wuce shi, sai ya jira baɗi.

Na uku shi ne tsarin ƙarin girma. Ana auna malamin jami'a da yawan takardun da ya buga, saboda haka wanda ya yi gajerun gwaje-gwaje a kan ɓeraye yakan riga wanda ya bi manoma ɗari biyu shekara biyar hawa mataki. Daɗin daɗawa, aikin da ya ratsa sassa uku yakan rasa sashen da zai ce nasa ne. Sakamakon haka, haziƙin da ya sami horo a waje yakan ga babu abin da zai dawo ya tarar, sai ya zauna can yana auna jikin waɗansu.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Gyaran bai fi ƙarfin hukuma ba. Asusun TETFund yana da reshen tallafa wa bincike, kuma yana iya keɓe wani kaso domin zafi da lafiyar jama'a, a ba da shi na shekara biyar zuwa goma a maimakon shekara ɗaya ko biyu. Ana iya zaɓen jami'a ɗaya ko biyu a yankin da ya fi zafi a kafa musu cibiya mai ɗakin gwaji da wutar hasken rana, da sansanin dindindin a ƙauyuka, inda za a riƙa bin mutane ɗaya shekara bayan shekara. Ana iya umurtar asibitocin gwamnati su riƙa rubuta adadin marasa lafiya da mamata na kowace rana, a haɗa da bayanan Hukumar NiMet, domin daga wannan haɗi ne ake gane lambar da mutuwa ke fara ƙaruwa a kowane gari. Ma'aikatun ƙwadago, da ilmi, da gidaje kuma suna bukatar irin waɗannan masana a cikinsu, domin su ne za su faɗi lokacin da ya kamata a tashi makaranta, da irin rufin da ya dace da aji, da hutun da ya wajaba ga lebura.

An gwada wannan a wani wuri ya yi aiki. A watan Mayu na shekarar 2010 zafi ya yi sanadin mutuwar mutum 1,344 fiye da yadda aka saba a birnin Ahmedabad na Indiya. Masana lafiya suka zauna da hukumar birnin, suka fitar da lambobin gargaɗi daga alƙaluman garin kansa, aka ƙaddamar da shirin tunkarar zafi a 2013, wanda ya ƙunshi sanarwa tun da wuri, da horar da ma'aikatan asibiti, da samar da ruwa da wuraren fakewa. Wani nazari na 2018 ya ƙiyasta cewa shirin yana tsirar da rayuka fiye da dubu kowace shekara.

Dokar Nijeriya ta shekarar 2012 ta ba Farfesa damar aiki har ya cika shekara 70. Ɗalibin da ke da shekara ashirin yau, in ya bi wannan hanya har ƙarshenta, zai ajiye alli ne a cikin shekarun 2070, watau dukkan rayuwarsa ta aiki za ta faɗo cikin lokacin da ƙiyasin masana ke magana a kai. Ma'aikacin da ke rubuta kasafin kuɗin bana shi zai yanke ko wannan ɗalibi zai sami ɗakin gwaji da albashin da zai riƙe shi a gida. Hausawa sun ce sabo turken wawa, sun kuma ce ba a fafe gora ranar tafiya. Masanin da za a bukata a bazarar 2040, bana ya kamata a ɗauke shi karatu.